Bulon Tokar Inna

Akwai wani tudu a bayan gidanmu, can kusa da dam ɗin Tiga, wanda Innarmu ce ta tara shi da hannunta. Toka ce zalla. Sana'ar Inna bandar kifi ce tun kafin a haife ni. Masunta su fito da tarwaɗa da karfasa da hantsi, ta saya, ta gyara, ta jera a kan raga, ta hura itace a ƙarƙashi har kifin ya yi ja. Da safe kuma ta kwashe tokar jiya ta kai bayan gida. Kaɗan ake ɗiba a ciki, a goge tukwane, a zuba wa wake don kada ƙwari su cinye shi, ko a barbaɗa a masai. Sauran sai ta yi ta taruwa. Mun yi wasa a kan tudun nan muna yara, mun kuma sha duka saboda shi, don duk wanda ya hau sai ya sauko fari fat har gira. Ban taɓa zaton zai yi mana wata rana ba.

Mu uku ne 'ya'yan Inna. Yayanmu yana Kano da iyalinsa, ni ina aure a Tudun Wada ina koyarwa a firamare, sai Autarmu, wadda a lokacin take shekararta ta ƙarshe a jami'a tana karatun gine-gine. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Abin da ya bar wa Inna mafi daraja a idonta shi ne ɗakinta, ɗakin ƙasa mai rufin azara da ya gina da kansa shekarar da aka yi aurensu. Inna tana yarinya aka tashi ƙauyensu saboda dam. Ta sha gaya mana yadda aka ɗora kayansu a mota, da yadda ta waiwaya ta ga tsamiyar ƙofar gidansu, wadda yanzu kifi ne ke yawo a cikin rassanta. Ba ta faɗin labarin da kuka. Takan ƙare shi ne da cewa ruwa ya tashe ta sau ɗaya, kuma ya isa haka.

To, ruwan ne dai ya sake biyo ta. Damina a wurinmu daga gabas take feshi, kuma duk shekara sai ta ci gindin bangon ɗakin. Da bazara a yi yaɓe, da kaka a ga yaɓen ya tafi da nasa rabon. Wata shekara Yaya ya turo magini daga birni ya shafe gindin da siminti. Bai kai ƙarshen damina ba simintin ya ɓamɓare ya faɗi, ya tafi da ƙasar bangon a jikinsa. Maginin da aka sake turowa ya zagaya ɗakin sau ɗaya ya ce a rushe kawai. Tun daga ranar Inna ta hana buhun siminti shiga gidan. Ta ce ta gane shi, yau a ajiye shi a gindin bango, gobe ya cinye ɗakin gaba ɗaya.

Daminar da ta biyo baya ta yi ɓarnar da ba a taɓa yi ba, har hannuna yana shiga ramin da ke gindin bangon gabas zuwa gwiwar hannu. Yaya ya zo ya gani, ya tara mu a tsakar gida, ya ce ya gama magana: in bangon nan ya sake buɗewa a damina mai zuwa, zai zo da mota ya tafi da Inna Kano, ɗaki yana can yana jiranta. Inna ta ce Allah ya kai mu. A bakin Inna wannan alkawari ne, duk mun sani.

Ni kam ban yi shiru ba. Na ce masa tun muna yara haka yake, ya yanke hukunci sannan ya tara mutane shawara. Ya ce in ɗakin ya rufto mata tana barci, bakina ne zai ɗaga azarar? Muka rabu dutse a hannun riga. Amma a hanyata ta komawa Tudun Wada na san tsoro ne ke cinsa, ba mugunta ba, domin irin tsoron nan ni ma yana cina. Bambancinmu kawai, na san in aka kai Inna gidan bene a Kano, inda babu murhu babu masunta, jikinta ne kaɗai zai je.

Da Auta ta zo hutu cikin rani, sai na lura tana yawan tsayawa a bayan gida tana kallon tudun toka kamar wadda aka yi wa alkawarin gadonsa. Tana ɗiba tana murzawa, tana shinshinawa. Na tambaye ta ko karatun ne ya fara taɓa ta. Ta ce aikinta na kammala makaranta ke nan. Akwai wani irin haɗi da ake kira jiyofolima, in ji ta, wanda yake ƙanƙarewa ya yi tauri irin na dutse ba tare da ko cokali ɗaya na siminti ba. Ana samun farar ƙasa a ƙona ta a daka, a haɗa da tankaɗaɗɗiyar tokar itace da yashi, a kwaɓa da ruwan soda da silikat, irin waɗanda masu sabulu ke amfani da su. Toka ita kaɗai ba ta isa, amma tana ɗaukar kaso mai kyau. A makaranta ta yi 'yan ƙananan bulo da shi, kamar girman sabulun wanki, sun yi tauri. Manya kuwa ba ta taɓa gwadawa ba, kuma ba ta ɓoye mana hakan ba.

Abin da take so shi ne ta buga bulo, a jera su a gindin bangon gabas zuwa gwiwa, su riƙa karɓar feshin ruwa a madadin ƙasar. Na ɗauka Inna za ta kore ta kamar yadda ta kori maginin birni. Sai ta yi tambaya ɗaya tak.

“Da tokata za ki yi?”

“Da tokarki, Inna.”

“To, yi. Ita dai na san ta.”

Haka gidan ya koma masana'anta. Kafintan unguwa ya haɗa mata akwatin katako na buga bulo. Wata tsohuwa mai ginin tukwane ta ƙona mata farar ƙasa a ramin da take gasa randuna, muka daka a tsohon turmin da aka daina amfani da shi. Tokar kuwa ta sama aka kwasa, ta rani, wadda ruwa bai taɓa ba, aka yi ta tankaɗe ana fitar da gawayi da ƙayar kifi. Ni aka aika kasuwar Tudun Wada sayen soda da silikat, mai shagon har yana yi mini fatan alheri a sabuwar sana'ar sabulu, ban tsaya gyara masa ba. Wajen kwaɓi Auta ba ta yarda kowa ya matso, sai ita da safar hannunta ta roba har gwiwar hannu, don ruwan sodar yana cin fata. Inna tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugunno tana kallo, tana gaya wa duk wanda ya shigo sayen kifi cewa autarta ce injiniya. Ina ganin ban taɓa ganin ta da fara'a irin ta kwanakin nan ba tun rasuwar Baba.

Aka jera bulon a ƙarƙashin rumfa, aka lulluɓe su da baƙar leda. Jarrabawa ta kira Auta makaranta. Da za ta tafi ta ce a bar su a rufe har ta dawo, ba ta ƙara komai ba, don ba ta ga abin ƙarawa ba.

A nan ne ƙauna ta yi mana ɓarna. Duk wanda ya taɓa ganin ana gini a ƙasarmu ya san abu ɗaya: sabon bulo ruwa ake ba shi, safe da yamma, in ba haka ba ya zama gari. Wannan ko yaron goye ya sani. Maƙwabciyar Inna, wadda ɗanta yake gina shago a bakin titi, ta leƙo ta ga bulo a bushe cikin zafin bazara, hankalinta ya tashi. Ta ce yarinyar nan jarrabawa ce ta ɗauke mata hankali ta manta, kada a bari wahalarta ta tafi a banza. Inna ta ga gaskiyarta. Ga ciwon gwiwa, ga shekaru, amma kullum bayan asuba sai ta ja ruwa a rijiya, ta yaye ledar, ta bi bulon ɗaya bayan ɗaya tana shayar da su da buta, ta mayar da ledar ta danne da duwatsu kamar yadda Auta ta bari. Da yamma matan unguwa su karɓe ta, yau wannan gobe waccan, kowacce da bokitinta. Ba su gaya wa Auta a waya ba, suna so ta dawo ta tarar an rufa mata asiri. Ni ma da na zo ƙarshen mako na tarar da su, sannu da aiki na yi musu.

Ina gidan ranar da ta dawo. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta nufi rumfa, Inna na biye da ita tana murmushi. Ta yaye ledar. Bulon duk sun yi furfura, wani farin abu kamar kanwa ya fito ya rufe su. Ta ɗauki ɗaya, ta matsa gefensa da babban yatsa, ya marmashe ya zube a kan takalminta. Ta ɗauki na biyu, haka. Sai ta zauna a ƙasa, a cikin kayanta na tafiya.

Maƙwabciyar ce ta fara magana, ta ce ikon Allah, duk ruwan da aka ba su. Auta ta ɗago kai a hankali. Da ta gane abin da ya faru, ta yi mana bayani da murya ƙasa-ƙasa, cewa wannan ba irin bulon siminti ba ne. Shi siminti ruwa yake sha ya yi ƙarfi, wannan kuwa ruwan sodar da ke cikinsa ne ke ɗaure shi, kuma ɗumi yake so. Ruwan da aka yi ta zuba masa ya wanke sodar tun kafin ta kama, ita ce farin da muke gani a waje.

Na dubi Inna. Fuskarta ta ba ni tausayi fiye da bulon. Ta dubi hannuwanta, ta ce, “Ni na ga rana ta yi yawa ne, na ce ƙishi za su ji.”

Auta ta fashe da kuka, can kuma kukan ya juye dariya, ta rungume ƙafafun Inna tana yi duka biyun a haɗe. Ta ce laifinta ne da ba ta faɗa ba. Inna ta ce a'a nata ne. Maƙwabciya ta ce nata ne. Na ce in sun gama rabon laifin su ajiye mini nawa, amma su duba gabas, hadari ya fara haɗuwa.

Labari ya kai wa Yaya, ban san ta bakin wa ba. Ya kira ni ya ce wasan yaran ya isa, a daina wahalar da tsohuwa da jan ruwa saboda toka. Na kashe wayar ban yi masa sallama ba. Wannan ma sai da Inna ta ji, ta yi mini faɗa.

Aka sake sabon lale. Damuwar Auta a karo na biyu ita ce lokaci, don bulon yana daɗewa kafin ya yi ƙarfi in ba a ɗumama shi ba, kuma na'urar da suke ɗumamawa da ita tana makaranta. Tana cikin wannan lissafi ne, tsaye kusa da murhun banda, zafinsa ya sa ta ja da baya. Ta tsaya, ta sake matsawa, ta kai tafin hannunta jikin murhun. Ita da Inna suka dubi juna. Daga ranar, duk bulon da aka buga sai a naɗe shi a leda a jera shi a jikin murhu, ba cikin wuta ba, inda ɗumi ke bugunsa daidai, Inna tana juya su kamar yadda take juya tarwaɗa. Ita da ta shayar da na farko, ita ta zama mai gadin na biyu. Duk macen da ta shigo da bokiti sai an nuna mata wata hanyar. Maƙwabciyar nan takan tsaya daga nesa tana girgiza kai, har yau ban yi imani ta yarda a zuciyarta cewa akwai bulon da ba ya shan ruwa ba.

Waɗannan sun yi. Launinsu toka-toka mai ɗan ja, in ka ƙwanƙwasa su ka ji ƙara, kuma ƙamshin banda suke yi, har kyanwoyin unguwa suka riƙa zuwa suna lasa. Auta ta tafi da kaɗan makaranta aka matse su a injin gwada ƙarfi. Ta dawo ta ce ba su kai bulon siminti mai kyau ƙarfi ba, ba za ta yarda a ɗora musu rufi ba, amma tare feshin ruwa za su iya. Maginin ƙauyenmu, wanda ya saba yi wa ɗakin yaɓe, shi ya jera su, yana mita yana aiki. Ya cike ramin da sabuwar ƙasa, ya tayar da bulon zuwa gwiwa a jikin bangon gabas, ya karkata samansu don ruwa ya gangare, ya haƙa 'yar magudana a gaba. Bulon da aka samu iyakar gabas suka isa. Ana gamawa da kwana kaɗan aka yi ruwan shuka.

Farkon daminar lafiya lau. Sai da marka ta zauna, aka yi kwana da kwanaki sama ba ta buɗe ba, sannan aka rufe da wani ruwa mai iska wanda har a Tudun Wada ya kayar da katangu. Gari na wayewa na nemi mota. Ina sauka na hango motar Yaya a ƙofar gida. Na shiga da shirin faɗa, har na tsara abin da zan fara da shi.

Na same shi tsugune a gindin bangon gabas, farar shaddarsa tana jan laka, yana kankarar bulon da makullin mota. Bangon yana nan garau, ko tsagewa babu. Na buɗe baki zan yi masa gori, sai ya nuna mini arewa da haɓa. Na zagaya. Iskar ta juya da ruwan ta wancan ɓangaren da ba a yi wa komai ba, ta ci gindinsa, har ana hango ƙafar gadon Inna ta cikin ramin.

Inna tana zaune a bakin ƙofa. Kusa da ita ga ƙullin kaya a cikin zanen gado, ga akwatinta na ƙarfe, ga butarta a kai. Ba wanda ya ce ta haɗa. Bango ya buɗe, ta yi alkawari, shi ke nan. Ta ce da Yaya in ya huta sai su kama hanya kafin wani hadarin ya taso, kifin da ke kan raga kuma a ba maƙwabta. Ni kuwa na koma jikin rumfa ina hawaye, faɗan da na zo da shi duk ya gudu.

Yaya ya koma gabas ya sake dubawa, ya dawo arewa, ya sake komawa. Can ya ja gefe ya kira Auta a waya, ya daɗe yana saurare, ba na jin komai sai “to” da “na ji”. Sannan ya ce mana yana zuwa, ya shiga mota ya tafi shi kaɗai. Na ce wa Inna babbar mota ya tafi nema saboda gado. Ta ce mai yiwuwa. Muka zauna muna jira, ba mu ci komai ba.

Bayan la'asar ya dawo. Motar ta sunkuya ta baya. Ya buɗe but ɗin bayan motar, sai ga buhuna cike da toka, busasshiya, har da sauran ɗumi. Ashe Auta ta gaya masa tudun Inna ya jiƙe, ba zai yi amfani ba sai rani, shi ne ya bi gidajen burodin da ke kan hanya yana roƙon tokar gidan wutarsu. Shi da kansa ya kwasa. Hularsa, gemunsa, shaddar nan, babu inda ya tsira.

Ya sauke buhunan a ƙarƙashin rumfa, ya zo ya durƙusa a gaban Inna. Ya ce Auta za ta taho jibi da sauran kayan haɗi. Kafin a gama, za a tare ramin da buhunan yashi, ita kuma ta riƙa kwana a ɗakin Auta, wannan kam ba zai janye ba. Sannan ya tambaye ta:

“Ina rariyar take, Inna?”

Inna ta dube shi. Ta miƙa hannu ta kaɗe masa tokar da ke kan hularsa, kamar yadda take yi masa yana yaro, ta ce tana rataye a bayan ƙofar madafa, ya ɗauki mai ƙananan idanu. Ya tashi ya ɗauko, ya naɗe hannun riga, ya zauna a kan turmi ya fara tankaɗe, rabi a ƙasa rabi a jikinsa. Ban taɓa son yayana kamar yadda na so shi a wannan yammacin ba.

Inna ta dafa bango ta miƙe, ta ja ƙullin kayanta zuwa cikin ɗaki. Ina jin ta tana fama da ƙullin, don da ƙarfi ta ɗaure shi. Sai ta kira ni.

“Zo ki kwance mini wannan, ki taya ni mayar da su inda suke.”